Danƙon da Bai Jure Wuta ba

Ku yaran yanzu kuna da kunnen ƙashi. Komai so kuke a gama shi a tsaitsaye, har da tuba. To, ku rufe baki ku ji.

Akwai wani mutum mai lambun albasa a bakin rafi, da injin ban-ruwa yake shayar da shi. Ana tsakiyar rani, injin ya soma tari yana fitar da farin hayaƙi. Sai ya kai wa Dogara makaniki. Dogara ya kwance kan injin, ya nuna masa tsaga siririya kamar gashi, daidai wurin da mai yake kama wuta.

Ya ce, "Sai an kai birni an yi masa walda."

Mutumin ya zaro danƙon ƙarfe daga aljihu, irin wanda ake kwaɓawa ya daskare. "Wannan fa? Da shi na liƙe bokitin matata, har yau bai ɗiga ba."

Dogara ya ce, "Haba, maigida! Bokiti ruwan sanyi yake ɗauka. Nan ciki wuta ce. Ni dai ba da hannuna ba."

"Albasata ba za ta jira birni ba."

Ya koma gida, ya shafa danƙon, ya ɗaure injin. Injin kuwa ya tashi, ruwa ya gudana, mutumin ya yi ta yi wa Dogara dariya a gaban maƙwabta. Amma da ƙarfen ya ɗauki zafi, danƙon ya ƙone, ya ɓantale, gutsattsarinsa suka faɗa ciki. Injin ya yi ƙara ɗaya, ya tsaya.

Da Dogara ya sake buɗewa, ya ce, "Dā tsaga ce, ana gyara ta. Yanzu gawa ka kawo mini."

Ga ma'anar misalin, kada wani ya ce bai gane ba. Injin nan zuciyarka ce, inda fushi da sha'awa suke ci kamar wuta. Tsagar kuwa zunubin da kake ɓoyewa. Danƙon shi ne "a yi haƙuri" na fatar baki, da farar rigar Lahadi, da ɗaga murya a cikin mawaƙa. Waɗannan suna riƙewa muddin akwai sanyi. Ranar gwaji za su narke. Ka bar Ubangiji ya kwance ka, ya sa maka wutarsa, ko da zafi.

Mutumin nan fa, albasarsa ta bushe a tsaye. Har damina ta faɗi, lambun wasu yake yi wa ban-ruwa a kan ƙwadago, yana jido daga rafi da bokitin nan na matarsa.