Rigar da Ta Kayar da Baba Kailani

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Zan ba ku labarin abokina Baba Kailani, in na gama ku yanke hukunci, don ni dai na kasa.

A unguwarmu a Zariya ba a yi mai ɗinkin babbar riga kamarsa ba. Shekara arba'in yana kan allura, in ya yi wa riga aikin aska takwas sai ka rantse zana ta aka yi da alƙalami. Da girma ya zo, zuciyarsa ta fara yi masa gardama, likitoci suka dasa masa wata 'yar na'ura a ƙirji mai daidaita bugunta. Ya warke, ya koma shago.

'Ya'yansa uku ne. Saratu ce babba, tana aure a Jos, gwana ce a gyaran waya. Munzali ya gaji allurar uban. Ɗayyabu, autansu, direba ne, amma ya koyi taimakon gaggawa lokacin da yake bautar ƙasa.

Wata shekara aka shirya gasar tufafin zamani a Kaduna. Wani kamfani ya kawo wa Baba Kailani zare mai siririn ƙarfe a ciki, da wata na'ura kamar kwabo da ake maƙalawa a ƙirjin riga da maganaɗisu. Na'urar tana magana da wayar hannu ba tare da igiya ba, tana auna bugun zuciyar mai rigar, aikin kuma yana sauya launi in ya motsa. Wata uku shi da Munzali suna ɗinkin rigar gasar. Da aka gama, tsoho ya ce ba wani saurayi da zai sa masa ita, shi ya ɗinka, shi zai fito da ita. Aka haɗa na'urar da wayar Saratu don ita ma ta yi kallo daga Jos, tunda cikinta ya tsufa, ba ta iya tafiya.

Ranar gasar, da hantsi, ya fito gaban jama'a yana taku ɗai-ɗai, aikin ƙirjinsa yana tashi daga shuɗi zuwa ruwan gwal. Mutane suka miƙe suna tafi. Bai kai tsakiyar dandalin ba jiri ya kwashe shi, ya zube.

Saratu tana can ta ga bugun zuciyar ubanta ya rikice a wayarta. Nan take ta tuna takardar da likita ya ba su bayan aikin, wadda ita kaɗai ta karanta har ƙarshe. An rubuta kada ya sa waya ko wani abu mai maganaɗisu a aljihun ƙirji. Ta kira Munzali tana ihu: "Rigar ce! Ku raba Baba da rigar nan yanzu!" Da ba ta gane ba, da ruwa za a yi ta yayyafa masa ana cewa zafi ne.

Munzali ya durƙusa. Jikin tsoho ya yi nauyi, rigar ba ta fita ta ka, na'urar kuwa ban da maganaɗisun har ɗinke ta aka yi cikin aiki. Alƙalan gasa suna tsaye, kowa ya san rigar ce za ta ci. Wakilin kamfani yana cewa a bi a hankali kada a lalata. Munzali ya zaro almakashi daga aljihu, ya tsarge aikin wata uku daga wuya har ƙasa, ya yi jifa da na'urar can nesa.

Ko da aka cire, numfashi ya riga ya ɗauke. Ɗayyabu ya ture mutane, ya ɗora hannuwansa a ƙirjin ubansa yana dannawa, yana hura masa iska a baki. Aka sa su a bayan mota, wani ya tuƙa, Ɗayyabu bai daina ba har ƙofar asibiti. Kwana biyu bayan haka ko cokali Ɗayyabu bai iya ɗagawa don ciwon hannu.

Baba Kailani ya tashi. Likita ya ce irin wannan maganaɗisu yana iya rikita na'urar ƙirji, kuma da ɗaya daga cikin ukun ya makara, da sai dai ta'aziyya. Kamfanin ma ya janye kayan, ya buga gargaɗi a jikinsu. Na je duba shi, ya kama hannuna yana dariya da hawaye, ya ce, "Malam, na rasa gasa, amma ka ga irin 'ya'yan da Allah ya ba ni?"

To, akwai wani almakashi na kakansa da ake miƙa wa mutum ɗaya tak a kowane zamani. Wanda ya karɓa shi ne babban gida, ko yana ɗinki ko ba ya yi. Baba Kailani ya ce cikin ukun nan zai ba ɗaya, amma har yau yana ƙarƙashin matashinsa.

Saratu ta gano cutar daga nesa. Munzali ya yanka abin da ya fi so a gaban duniya. Ɗayyabu ya riƙe ran har aka isa. Ku faɗa mini, in ku ne Baba Kailani, a hannun wa za ku sa almakashin nan?