Burgu da Kwabo Marar Huda

"Ga ta nan, ga ta nanku, in har za ku yi mini shiru."

"Ta zo mu ji ta, Gwaggo, mun yi shiru."

An yi wani Burgu, a zamanin da kwabo yake da huda a tsakiya, ana zira shi a zare. Kun dai san halin burgu, kome ya gani sai ya ja rami. To wannan ya fi 'yan'uwansa ban haushi, ni ko tuna shi na yi sai raina ya ɓaci.

Matarsa ta haifi ɗan fari, suna ya matso, babu rago. Ya tone tarkacensa kaf, sai ya ci karo da wani tsohon kwabo wanda ba shi da huda ko ta allura. Ya ɗauka ya kai wa Hawainiya, dillaliyar tsofaffin kuɗi, wadda ke saya wa masu tara irinsu a birni.

Hawainiya ta sa ido ɗaya a gaban kwabon, ɗaya a bayansa. Ta sake shi kan dutse, ya yi amo garau. Ta kankari tsakiyarsa ko an cike huda ne da dalma, ta ga babu dalma.

Ta ce, "Malam Burgu, wannan na gaske ne. Can gidan buga kuɗi aka manta ba a huda shi ba. Haka ya fito, haka ya tsufa, kuma irinsa ba su da yawa. Zan ba ka rago. In kana shakka, zaga kasuwa ka ji."

Ya zaga kasuwa, ba wanda ya taya ko rabin haka. Ya san sarai rago ne kuɗinsa. Mai hankali da ya ja ragonsa ya tafi gida. Amma shi sai ya tsaya a hanya yana lissafin banza: aibi ɗaya rago, to aibi biyu ai sa ke nan.

Ya nufi wurin Nomau maƙeri, ya ce, "Nomau, ƙara masa aibi."

"Wane irin aibi?"

"Irin na gidan buga kuɗi."

"Ni ban taɓa zuwa can ba."

"Kai dai ƙara."

Nomau ya sa magagari ya cinye gefen kwabon. Burgu ya biya shi da gyaɗar da aka ajiye ta suna, ya koma wa Hawainiya.

Ta duba, ta ce, "Wa ya taɓa shi?"

"Haka ya fito. Ɗazu ba ki duba da kyau ba ne."

Ku ji fa. Hawainiya ake ce wa ba ta duba da kyau ba. Ta ce, "Aibin da ya zo da shi ya yi duhu kamar sauran jikinsa. Wannan sabon rauni ne, har ƙyalli yake yi. Yanzu ɗan akuya ne kuɗinsa. Karɓi, ka tsaya haka nan, ɗan akuya ma yana yin suna."

Bai karɓa ba. Abin da ya shiga kunnensa kawai shi ne ƙyalli. Ya koma maƙera.

"Nomau, ƙara masa aibi."

"Wane irin aibi?"

"Irin na gidan buga kuɗi. Ka sa shi a wuta ya yi baƙi, ya tsufa."

"Ni ban taɓa zuwa can ba."

"Kai dai ƙara."

Nomau ya zuga wuta ya gasa kwabo. Burgu ya biya da geron kunun maijego. Wallahi da ina kusa da sai na ja masa kunne.

Hawainiya ta shinshina, ta ji warin gawayi. Ta goga shi a tafin hannunta, baƙin ya biyo hannun. Ta ce, "Wa ya taɓa shi?"

"Haka ya fito."

"Malam Burgu, tsufa ba ya gogewa. Duk wanda ya ga wannan a birni cewa zai yi jabu ne, har ni a daina yarda da ni. Don darajar matarka zan ba ka zakara. Karɓi, ka tsaya haka nan."

Burgu ya fusata. Wai aikin Nomau ne bai yi ƙarfi ba, tunda a gidan buga kuɗi da babban inji ake dannawa. Ya sake komawa.

"Nomau, ƙara masa aibi. Ɗauko masaba, ka doke shi iya ƙarfinka."

"Ni ban taɓa..."

"Kai dai doka."

Nomau ya ɗaga masaba ya sauke. Kwabo ya baje kamar waina, rubutun ya shafe, tsakiyar ta tsage. Burgu ya biya da goron da za a raba wa baƙi.

Wannan karon da ido ɗaya Hawainiya ta kalla, ba ta ma tambayi wanda ya taɓa shi ba. Ta ce, "Wannan ƙarfe ne."

"Ko kaza?"

"Ko ƙwai."

Ranar suna ta zo. Liman ya zauna, mahauci ya wasa wuƙa, dangin maijego sun cika ƙofar rami. Har Nomau ya zo barka, yana tauna goro. Matar ta leƙo da jariri a hannu ta ce, "Maigida, ina ragon? Ana jira."

Burgu ya buɗe tafin hannunsa. Ta daɗe tana kallon ƙarfen, sannan ta ce a hankali, "Wannan za a yanka wa ɗanka?"

Aka raɗa suna babu nama, babu kunu, babu goro. Mutane suka watse suna ƙus-ƙus. Kunya ta sa Burgu ya shige rami, har yau ba ya son a gan shi da rana.

To kun ji. Abin da ya zo da aibinsa tun asali, ku bar shi yadda yake, hannunku ba zai ƙara masa daraja ba. In kuma kun tambaya kun tabbata farashi na gaskiya ne, ku karɓa ku yi godiya.

Kurunkus kan ɗan burgu. Ku tashi mini daga tabarma, labarin nan ya sake ɓata mini rai.