Manomin da Yake Komawa Farkon Waƙa

Akwai wani mutum, manomi ne, gidansa yana jikin bangon majami'a. Uwarsa ta tsufa, ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Tana kwance a ɗakin da tagarsa take duban majami'ar, daga nan take bin sujada da kunne.

A majami'ar akwai piyano. Tsohon da yake kaɗa shi, hannunsa ya soma rawa, sai ya bari, aka rufe piyanon da zane. Wata rana uwar ta ce wa ɗanta, "Akwai waƙar da aka yi ranar baftismata. Ina so in ji an kaɗa ta kafin Ubangiji ya kira ni. Je ka koya."

Ya ce, "Mama, hannun fartanya ne da ni."

Ta ce, "Hannu ne dai. Je ka."

Sai ya tafi wurin tsohon, tsohon ya nuna masa inda kowane yatsa zai zauna. Daga ranar, in ya taso daga gona da yamma, sai ya wanke hannu ya zauna gaban piyano. Farkon waƙar mai sauƙi ne, bai daɗe ba ya iya shi. Amma a tsakiyarta akwai wurin da hannun hagu zai gangara, na dama kuma ya hau, a lokaci ɗaya. Nan yake tuntuɓe. Da ya yi tuntuɓe sai ya yi tsaki, ya koma farko. Ya zo wurin, ya faɗi, ya sāke komawa. Farkon waƙar yana ta ƙara daɗi, tsakiyarta kuwa tana nan yadda take.

Damina ta yi nisa. Matan da suke sharar majami'a suka fara gaishe shi, "Sannu da aiki, mai rabin waƙa!" Uwar kuwa abinci ya soma gagararta. Ta kira shi ta ce, "Ɗana, kullum sai ka kawo ni bakin rafi, ka juya da ni. Yaushe za mu haye? Ƙarfina yana ƙarewa."

Mutumin ya koma wurin tsohon da baƙin ciki, ya ce, "Baba, ban taɓa fashi ba. Me ya sa ba na ci gaba?"

Tsohon ya ce, "Na ji ka. Duk gari ya ji ka. In kana huɗa ka tarar da kututture a tsakiyar kunya, me kake yi?"

"In tsaya in tone shi."

"Ba ka komawa bakin gona ka sāke huɗe inda ka riga ka huɗe?"

"Haba Baba, wa zai yi wannan wauta?"

"Kai. Kowace yamma."

Sai ya kafa masa doka. Kada ya ƙara taɓa farkon waƙar. Ya zauna a wurin da yake faɗuwa kaɗai. Hannun hagu shi kaɗai, a hankali, kamar mai rakiyar tsohuwa. Sa'an nan na dama. Sa'an nan ya haɗa su. In ya yi kuskure, ya ƙara rage sauri. In kansa ya gaji, ya tashi, gobe ya dawo.

Aikin ba daɗin ji. Maƙwabta suka ce ko piyanon ya lalace ne. Sau da yawa hannunsa yakan lallaɓa zuwa farkon waƙar, inda daɗin yake, sai ya janye shi, ya ce, "Ba inda zan je sai na tone kututturen nan."

Wata yamma hannuwan biyu suka wuce tare. Bai yi murna da wuri ba. Ya maimaita, ya maimaita, har tsoron wurin ya fita daga yatsunsa. Sa'an nan ya ɗauko waƙar daga farko, ya bi ta tsakiya, ya kai ƙarshe. Ta taga ya ji wata siririyar murya tana rera baitin ƙarshe. Ya shiga ɗakin uwarsa, ta kama hannunsa mai kanta, ta ce, "Mun haye."

Ba ta ga wata damina ba. Ranar jana'izarta shi ya kaɗa waƙar, bai yi tuntuɓe ba.

To, ga ma'anar misalin nan, ku buɗe kunne. Ku masu koyon kiɗa a majami'a, yawan zama ba shi ne koyo ba. Maimaita abin da ka riga ka iya wasa ne. Ka nemi inda kake faɗuwa, ka zauna nan, a hankali, kowace rana.

Amma ba makaɗa kaɗai nake yi wa magana ba. Waƙar nan rayuwarka ce a gaban Allah. Farkonta shi ne abin da ba ya yi maka wuya: zuwa sujada, rera waƙa, gaishe da fasto. Tsakiyarta ita ce wurin da kake faɗuwa kullum, kai ma ka san shi. Wani bakinsa ne. Wata fushinta ne. Wani kuwa ɗan'uwansa ne da ya ƙi gafarta masa, amma ran Lahadi muryarsa ta fi ta kowa. Ka daina komawa farko kana ruɗin kanka. Ka tsaya a wurin, ka roƙi Ubangiji taimako, ka yi ta fama da shi har ka wuce. Akwai wanda yake jira ya ji ƙarshen waƙarka, kuma ba ka san sauran kwanakinsa ba, balle naka.