Farin Ƙyallen Mama Hanh

Akwai wani dattijo a unguwarmu nan Ohio, sunansa Wendell Pruitt. Mutumin nan ko karyawa ba ya yi sai ya ɗaga tutar Amurka a ƙofar gidansa. Son ƙasa ba laifi ba ne, amma shi nasa har ya rufe masa ido. Duk wanda harshensa bai yi irin nasa ba, baƙo ne a wurinsa, ko da a nan ya yi furfura.

Maƙwabciyarsa Mama Hanh ce, tsohuwa 'yar asalin Vietnam. Tun da matar Wendell ta rasu, a kicin ɗinta ɗansa Travis ya girma. Da ya taso makaranta sai ya tsallaka shinge, ta zuba masa romon taliya.

"Kai, ba abinci a gidan ubanka ne?" Wendell yakan ce.

"Akwai mana, Baba, sai dai naka kullum a ƙone yake."

Travis ya girma ya shiga soja. A cikin akwati aka dawo da shi, lulluɓe da tuta.

Ranar jana'iza kowa ya zo cikin baƙaƙen kaya. Sojoji suka naɗe tutar suka miƙa wa Wendell. Yana ɗago kai sai ya hango Mama Hanh cikin kaya farare fat daga sama har ƙasa, ta ɗaura farin ƙyalle a goshi.

"Ke! Biki kika zo?" Ya daka mata tsawa a gaban jama'a. "Ɗana ya mutu saboda ƙasar nan, ke kin shigo min kamar amarya? Nan Amurka ce. In ba ki iya makoki ba, koma inda kika fito!"

"Baban Travis, ai ni..."

"Fita!"

Ta sunkuyar da kai ta tafi. Muna tsaye, wallahi ba wanda ya tare mata, kuma har yau abin yana ci min rai.

Daga ranar Wendell ya daina amsa gaisuwarta, ya ƙara wa shingen tsawo. Ana nan, sanyi bai gama wucewa ba Mama Hanh ta kwanta ciwo, ta rasu.

'Yarta Linh ce ta ƙwanƙwasa masa ƙofa.

"Baba Wendell, Mama ta rasu. Don Allah zo ka ga wani abu."

Da ƙyar ya bi ta, karonsa na farko a gidan. A falo akwai ɗan tebur da turare ke ci, an jera hotunan iyayen tsohuwar da na mijinta. A tsakiyarsu ga Travis cikin kakin soja, da 'yar ƙaramar tutar Amurka a gefensa.

"Me ɗana yake yi a nan?"

"Nan wurin 'yan gida ne da suka rasu," in ji Linh. "Baba, mu da fari muke makoki. Ƙyallen goshin nan kuwa, ba a ɗaura shi don maƙwabci, sai don jininka. Abin da ta so ta gaya maka ke nan."

Wendell ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro.

"Linh, ba ni ƙyallen."

"Na ce maka na dangi ne."

"Na ji. Ba ni."

Ta ɗauko wani farin ƙyalle ta ɗaura masa da hannunta. Haka ya raka gawar, tuta maƙale a ƙirjin rigarsa, farin ƙyalle a goshinsa. Kowa ya gan shi, ban da wadda ya kamata ta gani.

Darasi: Ka so ƙasarka iya sonka, amma kada son ya hana ka tambayar maƙwabcinka me yake nufi kafin ka yanke masa hukunci. Kalar makoki ta bambanta, zafin rashi kuwa ɗaya ne. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya nemi gafara tun mai yafe masa yana raye.