Notin da Injiniya Ya Ɗaure

Akwai wani tsohon akawu a layinmu da ake wa laƙabi da Injiniya, saboda bai yarda bakanike ya taɓa masa jif ɗinsa ba. Yakan ce motar tana da tsayi, ko jak ba ka nema, ka shimfiɗa kwali kawai ka shige ƙarƙashinta. Motar maƙwabcinsa tela kuwa gwangwani yake kiranta.

Ranar Asabar da ƙarfe tara na safe ya kwance notin baƙin mai, domin ranar juyen man inji ce, kuma bai taɓa ɗaga ta ba.

A ranar ne za a yi wa surukinsa tiyata da tsakar rana. Surukin ya aiko cewa yana son ganin ’yarsa, matar Injiniya, kafin a shiga da shi. Matar ta fito da mayafinta, ta roƙi mijinta ya bari sai sun dawo.

“Maman yara, aikin da bai kai shan shayi ba?”

Tela ya leƙo ya ce ko ya kai ta. Injiniya ya amsa daga ƙarƙashin mota cewa iyalinsa ba sa shiga gwangwani.

Da man ya gama tsiyaya ya mayar da noti. Bai gamsu da ɗaurin ba, sai ya zura bututun ƙarfe a sifana ya ƙara ja. Notin ya yi laushi, ya shiga juyawa a banza. Ya zuba sabon mai duk da haka, man ya biyo ƙasa har bakin takalmin matar.

Ya naɗa zare, ya naɗa leda, ya zagi masu ƙera motar. Matar tana zaune a benci tana duba agogo.

Can ta miƙe.

“Baban yara, motarka za ta jira ka. Ban sani ba ko Baba zai jira ni.”

Gwangwanin ne ya kai ta. Ta tarar an rufe ƙofar ɗakin tiyata. Tsohon ya fito lafiya, amma ya gaya mata har aka tura gadonsa yana waiwaye.

Waɗanda suka rage a tsakar gida: jif, kwali, robar baƙin mai, da Injiniya da sifana a hannu.

Darasi: Iya aiki alheri ne, amma in mutum na jiranka, ajiye sifana. Ku tura wa masu motar da kuka sani.