Kwakwar da Ta Dawo Gaida Gida

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta da kunnen basira.

A wani ƙauyen masunta da ke bakin teku, an yi wani Biri mai haɗama, wanda ba ya ganin kwakwa ya bar ta. Kullum yana kan bishiya yana kallon tsohuwar Kififiya, kunkurun ruwa, tana tura kwakwar da ta faɗo cikin teku da hancinta.

Rannan ya ce, "Iya, abinci kike zubarwa?"

Ta ce, "Tsibiran can nake aika wa, ɗan nan. Ko inuwa ba su da ita."

Biri ya hangi tsibiran can nesa, kamar gizagizai sun sauko shan ruwa. Ya yi dariya.

Shekaru suka shuɗe. Wata damina guguwa ta kwantar da bishiyoyin ƙauyen kaf. Yunwa ta ci Biri har ya kasa tashi. Yana kwance kan yashi da hantsi, sai ya ga teku ya cika da kwakwa, kowace da ɗan koren tsironta, suna tafe a hankali kamar kwale-kwale, Kififiya na biye.

Ya ce, "Iya, daga ina?"

Ta ce, "Jikokin waɗanda na aika ne suka zo gaida gida."

Biri ya rarumi guda, ya ɗaga dutse zai fasa, cikinsa na kuka. Ya daɗe yana kallon tsiron nan. Sai ya ajiye dutsen, ya fara haƙa rami.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tatsuniya ta koma teku.