Tsallen Barewa a Ruwan Bado

Ku gyara zama, masu ɓarar gyaɗa kuma a rage ƙara, don labarin nan sai kun yanke masa hukunci kafin ku tashi. Ni dai na sha juya shi a raina, har yau ban sami inda zan tsaya ba.

A Gangaren Marke an yi wani dattijo mai suna Tunau, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan doki. A ƙasarsu ba a shimfiɗaɗɗen fili ake sukuwa ba. Idan an gama girbi, sai a bar shingayen ƙaya da manoma suka yi wa gonaki, dawaki su riƙa tsallake su ɗaya bayan ɗaya har su kai tuta. Kowane gari da ranarsa. Ana farawa daga ƙananan garuruwa masu gajerun shingaye, a rufe shekara da Ruwan Bado, inda bayan shingaye akwai wata faffaɗar hanyar ruwa ta masu noman albasa, wadda dole doki ya haure ta. Tunau ya ci sukuwa a ko'ina ban da Ruwan Bado. Duk zuwan da ya yi, da laka a riga yake dawowa, mutane na yi masa sannu.

Sai da tsufa ya sauke shi daga sirdi sannan Allah ya ba shi abin da ya daɗe yana nema, wata 'yar goɗiya da tun tana dukusa take haure dangar gida don ta je ta ci harawar maƙwabta. Ya biya ɓarna har ya gaji, amma yana biya yana murmushi. Ya sa mata suna Barewa. A daidai lokacin ne kuma yanar ido ta fara rufe masa gani. In an tambaye shi sai ya ce, "Ina gani, dishi-dishi ne kawai."

Al'adarsu ce idan damina ta ja baya, mai doki ya zauna a gindin turke da mutanen gidansa, ya lissafa garuruwan da dokinsa zai je a shekarar. Tunau ya zauna da 'ya'yansa uku, Nomau babba, da Sallau, da autansu Mati. Ya ce bana Barewa za ta fara da sukuwar gida, ta je Tsamiyar Dila inda shingaye ba su wuce gwiwa ba, in ta yi kyau a ƙara mata gari ɗaya, sai a dawo da ita turke. "Ruwan Bado kuwa sai baɗi," in ji shi. "Ƙashinta bai gama ƙosawa ba."

'Ya'yan suka kalli juna, suka kalli fararen idanun ubansu. Kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke tunani: kafin baɗi tsohon nan ya daina gani gaba ɗaya. Suka yi ta lallashinsa, yau wannan, gobe wancan, har ya ce, "To, ku kuka sani." Da sun lura, da sun ji cewa wannan ba amincewa ba ce, gajiya ce. Amma wanda ke son abu ba ya jin irin wannan.

Nomau ne ya ɗauki jikin goɗiyar. Shi manomi ne, ba mai yawan magana ba, irin mutanen da in ka gaishe su sai ka jira amsa. Ya ware mata harawar wake mafi kyau, ya hana awakin matarsa, abin da ya jawo masa gaba ta kwana da kwanaki. Yana jiƙa mata kanwa, yana jan ta cikin yashin rafi kowace safiya don ƙafafunta su yi ƙarfi, in sun dawo ya durƙusa ya murza mata su har gumi ya keto masa. Da ba don shi ba, da Barewa ba ta da ƙarfin da za ta kai ko rabin filin Ruwan Bado.

Sallau kuwa ɗan yawo ne, ba kasuwar da ba a san tsiyarsa ba, kuma mutane sun sha cewa ba zai amfana wa kowa komai ba. Shi ya tafi Ruwan Bado ya tare wurin masu albasa, yana taya su ban-ruwa yana ba su dariya, har ya gano inda hanyar ruwan ta fi ƙunci da inda gaɓarta ta fi tauri. Ya auna faɗinta da igiya, ya dawo gida ya haƙa irinta a bayan gari. Da farko Barewa ta ƙi, don ba ta taɓa tsallake abin da ke ƙyalli ba. Sallau ya riƙa tsallakewa da kansa a gabanta, yana faɗawa ciki, 'yan gari na shewa, har ranar da ta bi shi. Da ba don shi ba, da ta isa bakin ruwan ta ja burki kamar yadda dawakin ubansa suka sha yi.

Mati shi ne mahayi. Ya rage cin tuwo har wuyansa ya fito, don kada ya yi mata nauyi. A sukuwar gida da ta Tsamiyar Dila ya riƙe ta, bai bari ta nuna duk abin da ke cikinta ba, ya haƙura da dariyar abokansa da ke cewa goɗiyar Tunau suna ne kawai. Barewa kuma ba ta yarda da kowa a bayanta sai shi. Da ba don shi ba, da babu ma wanda zai kai ta.

Ranar Ruwan Bado ta zo. Aka sa wa Tunau farar rigarsa, aka zaunar da shi a kan tudu inda ake hango hanyar ruwan sosai. To, a nan ne kowannensu ya yi shirun da ya dame shi har tsufansa.

Da safe Nomau ya shafa ƙafar Barewa ta gaba, ta hagu, ya ji ɗumi a sama da kofato. Ya san ma'anar wannan ɗumin sarai, alamar ciwo ce. Ya ɗaga kai ya hango farar riga a kan tudu, sai ya ɗaura mata sirdi bai ce komai ba.

Sallau ya zagaya ya duba wurin da ya zaɓa, ya tarar masu albasa sun saki ruwa da sassafe, gaɓar da ya sani da tauri ta jiƙe ta yi laushi. Lokaci bai ƙure ba, da ya yi gudu da ya tarar da Mati. Amma babu wani wurin da za a canza, faɗa masa na nufin a fasa. Shi ma ya dubi tudu, ya koma cikin 'yan kallo.

Aka saki dawaki. Barewa ta bi shingayen nan tana wuce su ba ko taɓawa, ta iso bakin ruwa ita ce a gaba, ta tashi sama. Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa ganin tsalle irinsa ba. Ta dira a kan gaɓa mai laushi, ƙafar hagu ta nutse, Mati ya ji wani abu ya tsinke a ƙarƙashinsa. Da ya ja linzami a nan, wataƙila da jinya ta warkar da ita. Tuta kuwa ga ta nan gaba kaɗan, ga farar riga ta miƙe tsaye. Ya sa mata dunduniya. Ta kai tuta tana ɗingishi, ta riga kowa.

Fili ya ɗauki guɗa. 'Ya'yan suka ruga kan tudu, suka sami ubansu a tsaye, fuskarsa na kallon wani gefen da ba nan filin yake ba. Ya miƙo hannu yana lalube.

"Ta tsallake?" ya tambaya.

Ashe tun tsakiyar damina idon ya rufe ruf. Ya ɓoye ne don kada a hana shi zuwa turke, hanyar gida kuwa ƙafarsa ta san ta.

"Na ce muku baɗi," in ji shi a hankali. "Bana da kunne na kalla, baɗi ma da kunnen zan kalla. Ina goɗiyata? Na ji takunta ya canza."

Barewa ba ta ƙara sukuwa ba. Abin baƙin ciki ne, wallahi, ka ga dabbar da ke haure danga don wasa ta koma sai an ja ta zuwa kwamin ruwa. A gida 'ya'yan suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗa wa tsohon abin da ya sani ya ɓoye. Bai yi wa kowa faɗa ba, kuma sun ce da ya zage su da ya fi musu sauƙi.

Bayan shekaru Barewa ta haifi dukushi namiji. Aka kai Tunau wurinsa, ya durƙusa ya shafa ƙafafun nan huɗu, ya daɗe yana shafawa, ya ce, "Nata ne sak." Ya ce shi ba zai kai ranar da za a zauna a lissafa wa wannan garuruwa ba, kuma doki mai iyayengiji uku ba ya ƙarko, don haka dole mutum ɗaya ya riƙe ragamarsa, ya zama shi ke cewa bana ko baɗi. Suka ce ya zaɓa. Ya ce, "Ni da na fara ɓoye nawa, da wane baki zan zaɓa?" Kafin kaka ta zagayo ya rasu.

Dukushin na nan a turke, ya fara leƙen danga. Ga Nomau da ya gina ƙafar uwarsa, ya ji ɗuminta ya yi shiru. Ga Sallau da ya koya mata ruwa, ya ga laka ya koma cikin taro. Ga Mati da ya kai ta tuta, alhali ya ji wani abu ya tsinke a ƙarƙashinsa. To, ku da kuka ji, wane ne a cikinsu ya fi cancanta a danƙa wa ragamar ɗan Barewa?